Kulob ne ya haifi manyan albam ɗin rok, ko situdiyo?

Kawu Garmaho:
Salamu alaikum 'yan zaure. Yau da tsokana na zo, kuma Abba nake nema. Maganata ita ce, duk wani albam na rok da ake ji da shi daga shekarun 1960 zuwa na 1970, a kulob aka haife shi. Situdiyo suna kawai aka je aka raɗa masa.

Ku ɗauki Beatles. A watan Agustan 1960 suka tafi Hamburg ta Jamus suna 'yan samari, George Harrison shekararsa 17, har sai da hukuma ta koro shi gida saboda ƙarancin shekaru. Aka ajiye su a wani kulob mai suna Indra, daga baya Kaiserkeller, suna kiɗa awa huɗu zuwa shida kusan kowane dare, a gaban ma'aikatan jirgin ruwa da mashaya waɗanda in ka gundure su sai dai ka ji kwalba a ka. Makwancinsu wani ɗaki ne a bayan allon silima, dab da bayi. Da suka koma gida Liverpool sai kulob ɗin Cavern: daga Fabrairun 1961 zuwa Agustan 1963 an ƙirga sun hau wannan dandamali sau 292. Shi ya sa ran 11 ga Fabrairun 1963 suka shiga situdiyon EMI da ke Abbey Road da hantsi, kafin dare ya raba sun ɗauki waƙa 10. Su ne mafi yawan waƙoƙin Please Please Me, albam ɗinsu na farko. George Martin, mai haɗa musu faifai, ma da farko a Cavern ɗin ya so a ɗauka, da ya ga wurin ba zai yi ba, sai ya sa suka zo suka yi masa abin da suka saba yi kullum. To Abba, yaranka da ke kwana da kwanaki a kan baiti ɗaya, ina za su samo irin wannan?

Abba Mai Situdiyo:
Wa alaikumus salam Kawu, Allah ya ƙara girma. Na amsa kira. Amma tsakani da Allah, in aka ce a lissafa manyan albam ɗin Beatles, wa yake fara kiran Please Please Me? Revolver ake kira, da Sgt. Pepper. Shi Revolver ya fito a Agustan 1966, suna tsaka da yawon wasa, kuma ko waƙa ɗaya daga cikinsa ba su rera a wannan yawon ba, don ba ta reruwa a dandamali da mutum huɗu. Ran 29 ga watan suka yi wasan kuɗi na ƙarshe a Candlestick Park ta San Francisco, suka ce sun gaji.

Sai bayan nan aka samu Sgt. Pepper a 1967, wajen awa 700 a situdiyo. Kuma na'urar layi huɗu kawai gare ta. In sun cika layukan huɗu, sai a matse su a mayar kan layi ɗaya na wata na'urar, a samu uku a buɗe, a sake zubawa. Kowace matsewa tana ƙara shuu a tef, don haka dole injiniya ya san abin da zai fara da abin da zai bari ƙarshe tun kafin a danna komai. A Day in the Life makaɗa 40 aka kira mata. Kawu, a wane lungu na Cavern za a zaunar da su?

Kawu Garmaho:
Ɗana, ai ba kulob suka gudu suka bari ba, filin ƙwallo suka bari. A Shea Stadium a 1965 mutum sama da 55,000 ne ke ihu, su kansu makaɗan ba sa jin abin da suke kaɗawa. Ringo mai gangarsu bayan 'yan uwansa yake kallo don ya gane inda aka kai a waƙa. Wannan ba wasa ba ne, baje koli ne. Hannun da ya yi Sgt. Pepper kuwa a Hamburg ya gasu.

Auta:
Ni dai tambaya gare ni, ku yi haƙuri da ƙaramin cikinku. Wai duk waɗannan wuraren ba mashaya ba ce kawai aka canza mata suna? Ina jin ana ta kulob kulob kamar wata makaranta.

Maman Nana:
Auta, na Hamburg kam mashaya ce, har da abin da ya fi giya, don unguwar ma ta 'yan duniya ce. Amma Cavern a zamanin Beatles ba a sayar da giya a ciki. Lemo ne da miya da burodi. Da yawa daga wasannin nasu ma da rana tsaka ake yi, lokacin hutun cin abinci, 'yan mata masu aikin ofis da yaran kanti su sauko su ji kiɗa su koma bakin aiki. A irin wannan wasan rana ne Brian Epstein, wanda ya zama manajan Beatles, ya gan su ran 9 ga Nuwamban 1961. Kantinsu na faifai yana nan kusa, da ƙafa ya tako.

An buɗe wurin a Janairun 1957 don kiɗan jaz, mai wurin ba ya ma son rok. Ɗakin ajiyar kaya ne a ƙarƙashin ƙasa a Mathew Street, an taɓa fakewa a cikinsa lokacin ruwan bama-bamai na yaƙin duniya na biyu. Babu taga, babu iska, gumin jama'a ya taru a rufi ya riƙa ɗigowa kan lasifika har wuta ta ɗauke.

Na je da yarana lokacin da muka ziyarci garin. Kana ta sauka a matakala tana juyawa da kai har ka fara tunanin ko an wuce wurin, sai ka faɗa cikin wasu bakuna na jan bulo, ƙasa-ƙasa, dogon mutum sai ya riƙa sunkuyar da kai ba tare da an ce masa ba. Ko'ina a jikin bulon an rubuta sunaye. Wani bawan Allah shi kaɗai da jitarsa yana rera tsofaffin waƙoƙi, tsofaffin Turawa da 'yan Japan suna amshi da waya a sama. Sai dai ku sani ba shi ne na asalin ba. Na asalin an rufe shi a 1973 aka cike ramin saboda aikin jirgin ƙasa na ƙarƙashin gari. Wannan a 1984 aka sake gina shi, da wasu daga tsofaffin bulon.

Kawu Garmaho:
Madalla da Hajiya. Abba ka ji ko? Makaranta ce, har da ta rana.

Abba Mai Situdiyo:
Anti ta ba da tarihi, ba ta yanke hukunci ba. To ga wanda zai kashe bakin kowa: The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, Maris 1973. Sati 741 ya yi a jadawalin Billboard na faifan da suka fi ciniki a Amurka tsakanin 1973 da 1988. Bugun zuciya, ƙarar agogo, ƙarar kuɗi, muryoyin mutane suna surutu a bayan kiɗa. Wannan ɗan situdiyo ne gaba da baya.

Malam Ɗan Damagaram:
Abba, ka ɗauko sandar da za a doke ka da ita. Pink Floyd sun fara kaɗa wannan aikin a gaban jama'a tun Janairun 1972, fiye da shekara guda kafin faifan ya fito. A Fabrairun shekarar sun yi shi dare huɗu a jere a Rainbow Theatre ta Landan, 'yan jarida na zaune. Sun zaga da shi Ingila da Amurka da Japan, suna gyara, suna zubar da abin da bai zauna ba. Kuma su waye Pink Floyd in ba yaran UFO ba, wani kulob a ƙarƙashin ƙasa a Tottenham Court Road, inda daga ƙarshen 1966 suke kwana suna jan waƙa ɗaya minti ashirin ana haska musu fitilu masu launi? A can suka koyi cewa mai sauraro zai iya haƙuri da doguwar tafiya.

Abba Mai Situdiyo:
Malam, na san da wannan, kuma shi ne ma hujjata. Nemi rikodin ɗin wasannin 1972 ka saurara. Inda waƙar On the Run take a faifai, a dandamali jita ce da piyano kawai suna kai-komo, babu abin kamawa. Sai a Abbey Road suka samu wata 'yar na'urar EMS, suka ɗura mata sauti takwas, suka ƙara mata gudu, ta riƙa maimaitawa. The Great Gig in the Sky a dandamali kiɗan ogan ne da muryoyin masu wa'azi a tef. Mawaƙiya Clare Torry sai a Janairun 1973 aka kira ta, aka ce ta yi abin da ya zo mata ba tare da kalmomi ba, aka sallame ta da fam 30. Yau in an ambaci faifan muryarta ake fara tunawa. Ƙarar kuɗin da ke buɗe Money kuma da reza aka yanka tef gunduwa-gunduwa, aka auna tsawon kowanne, aka liƙa, aka zagaya da shi jikin sandar makirfo don ya riƙa juyawa daidai da bugu bakwai na waƙar. Muryoyin nan, har da ta mai gadin ƙofar situdiyon, katin tambayoyi aka ajiye wa mutane suna amsawa.

Abin da jama'a suka gani a 1972 ƙashi ne. Tsokar a situdiyo aka sa.

Malam Ɗan Damagaram:
To ai tsoka ba ta tsayuwa ba ƙashi.

Kawu Garmaho:
Bar shi Malam, bari in jero masa. Led Zeppelin: sun dawo daga yawon ƙananan wurare a Denmark da Sweden a 1968, suka shiga situdiyon Olympic, awa 36 kacal albam na farko ya kammala, mai jitarsu Jimmy Page ya biya daga aljihunsa. The Doors: su ne makaɗan gida a Whisky a Go Go ta Los Angeles a 1966, waƙar The End a can ta yi ta tsawo dare bayan dare har ranar da mawaƙinsu Jim Morrison ya saki baki aka kore su, albam ɗin kuma cikin kusan mako guda aka ɗauka. Jimi Hendrix a Cafe Wha? ta New York Chas Chandler ya tsinto shi ya kai Landan. Rolling Stones wasansu na farko a kulob ɗin Marquee na Landan ne, Yulin 1962. The Who kowace Talata a Marquee ɗin bayan ta koma Wardour Street a 1964. In ci gaba?

Ɗan Agege:
Kawu ka huta haka, ka bar mu mu ma mu sa baki, don akwai wanda aka yi a gabanmu. Band on the Run na Paul McCartney, tsohon ɗan Beatles, a nan Legas aka ɗauki mafi yawansa, a 1973, a situdiyon EMI na Apapa. Shi ya zaci zai zo ya sha rana a bakin teku da rana, da dare ya yi kiɗa. Ya tarar da damina. Ana gab da tasowa mai jita da mai gangar ƙungiyarsa Wings suka ajiye aiki, saura shi da matarsa Linda da Denny Laine, dole shi ya hau ganga da kansa. Na'urar situdiyon mai layi takwas ce guda ɗaya. Wani dare suna tafiya a ƙasa 'yan fashi suka tare su da wuƙa, suka tafi da jaka, a ciki har da kaset ɗin gwajin waƙoƙin da takardun baitoci. Daga ka ya sake tuno su.

Ga kuma Fela, ya fito fili ya ce Bature ya zo satar kiɗan baƙar fata. Sai da McCartney ya kira shi situdiyo ya kunna masa abin da suka ɗauka, ya ji babu ko ɗigon afrobit a ciki. Shi kuma McCartney ya je Shrine, kulob ɗin Fela, ya gan shi da makaɗansa Africa 70, kuma ya sha faɗa a hira cewa kiɗan ya sa shi kuka. Ginger Baker, mai gangar ƙungiyar Cream, yana nan a lokacin da nasa situdiyon, ARC, a Ikeja, har sun je can sun yi aikin waƙa ɗaya.

To wannan albam na wa ne? Ba a taɓa kaɗa waƙoƙinsa a kulob ba kafin a ɗauka, maki ɗaya ga Abba. Amma mutum uku da tsohuwar na'ura, kaset ya tafi da ɓarayi, in ba wanda ya yi Hamburg ba wa zai fita da faifai a hannu?

Abba Mai Situdiyo:
Yaya, kar ka manta sai da suka koma Landan Tony Visconti ya rubuta musu kiɗan goge da ƙaho aka ɗora. Waƙar Jet ma gaba ɗayanta a can aka ɗauka.

Ɗan Agege:
Haka ne. Amma tunda an taɓo Fela, shi tsarinsa ya fi na kowa tsauri. Sabuwar waƙa sai ta yi watanni ana kaɗa ta a Shrine, jama'a sun san ta, makaɗa sun haddace. Ranar da ta shiga faifai kuwa ya gama da ita, ba zai sake yi maka ita a dandamali ba ko nawa za ka biya. Wanda ya je Shrine don ya ji abin da ke cikin faifansa na gida, sai dai ya ji na baɗi.

Kawu Garmaho:
Allah ya yi maka albarka. Na rufe shari'a.

Maman Nana:
Kawu ba ka rufe ba, alƙali bai zauna ba tukuna. Ni abin da ban ji kun taɓo ba shi ne albam ɗin da aka ɗauka kai tsaye a gaban jama'a. A nan ne kulob da faifai suka zama abu ɗaya.

Malam Ɗan Damagaram:
Hajiya kin kawo mu gida. Allman Brothers sun yi albam biyu a situdiyo, kasuwa ba ta karɓa ba. A Maris 1971 aka girka motar ɗaukar sauti a wajen Fillmore East ta New York, aka ɗauki wasanninsu, faifan, At Fillmore East, ya fito a Yuli, shi ya ɗaga su. Waƙarsu Whipping Post a situdiyo minti biyar ce. A Fillmore ta haura minti 22, ta cinye fuskar faifai guda ita kaɗai. Ku tuna fuskar babban faifai abin da take ɗauka ke nan, minti ashirin da 'yan kai, shi ya sa albam ɗin wancan zamani suke tsayawa a wajen minti arba'in, kuma mawaƙi dole ya yi tunanin da me zai buɗe fuska ta biyu. A Fillmore ɗin dai Hendrix ya ɗauki Band of Gypsys ran 1 ga Janairun 1970. The Who kuma Live at Leeds a ɗakin cin abincin ɗaliban jami'a suka yi shi, Fabrairun 1970.

Abba Mai Situdiyo:
Malam, Fillmore East kujera wajen 2,600 gare ta, tsohon gidan silima ne. In wannan kulob ne to Cavern akurki ce. Na biyu, ku daina yarda da kalmar kai tsaye ido rufe. Alive! na Kiss, 1975, su da kansu sun yarda an koma situdiyo an gyara. Live and Dangerous na Thin Lizzy har yau ana gardamar nawa ne na dandamali nawa ne na gyara, kuma wanda ya haɗa shi ne ya ce gyaran da yawa. Mu da muke wannan aiki mun san yadda ake yi: mawaƙi ya kauce a baiti, a kira shi ya sake, a ɗora tafi a kai. Mai sauraro yana gida yana cewa kai, ka ji gwaninta.

Auta:
To ni abin da ya ɗaure min kai, in wuraren nan suna da wannan daraja, me ya sa duk labarinsu yake ƙarewa da an rufe?

Kawu Garmaho:
Kuɗi, Auta. 'Ya'yan da suka rena ne suka fi ƙarfinsu. Bayan babban bikin kiɗa na Woodstock a 1969 manajoji suka gane cewa dare ɗaya a ƙaton zaure irin Madison Square Garden ya fi dare huɗu a ƙaramin wuri. Bill Graham, mai Fillmore, ya fito ya yi ta ƙorafin farashin da ake yanka masa, a 1971 ya rufe ta New York a Yuni, ta San Francisco a Yuli. Marquee ta bar Wardour Street a 1988. Star-Club ta Hamburg tun ƙarshen 1969 ta mutu.

Amma duba abin da ya biyo baya. Da rok ya koma filin ƙwallo, ya yi ƙiba, waƙa ta zama sai da tirela goma ta kayan aiki, daga ina gyara ya zo? Daga wani ƙazamin wuri a lamba 315 Bowery, unguwar mashaya da marasa galihu a New York. CBGB ke nan, Hilly Kristal ya buɗe a Disamban 1973, shi kiɗan ƙauyen Amurka ma ya yi niyya. Sharaɗinsa ka zo da waƙarka ta kanka. Television, Patti Smith, Blondie, Talking Heads, Ramones, duk nan. Ramones suka yi albam na farko a 1976 da dala 6,400, waƙa 14 cikin minti 29. Ita ma rigimar haya ta kashe ta a Oktoban 2006, Patti Smith ta yi daren ƙarshe, aka mayar da wurin kantin tufafi masu tsada.

Abba Mai Situdiyo:
A shekarar da Ramones suka kashe dala 6,400, Fleetwood Mac suna kulle a situdiyo kusan shekara guda suna haɗa albam ɗin Rumours, ma'aurata na rabuwa, masoya ba sa ga maciji, tef har ya fara sirancewa don yawan juyawa. Ya fito a Fabrairun 1977, ya sayar da sama da kwafi miliyan 40. Na Ramones sai 2014 ya kai matakin zinare a Amurka, wato kwafi 500,000. Shekara 38, Kawu.

Kawu Garmaho:
Yanzu kuma ciniki muke ƙirgawa? Je ka tambayi duk yaron da ya ɗauki jita a Landan a 1977 wanne ne ya sa shi ɗauka. Kuma Mick Fleetwood da John McVie na Fleetwood Mac da kake taƙama da su, a ina suka yi ƙuruciyarsu in ba kulob-kulob ɗin bulus na Ingila ba, a bayan John Mayall?

Maman Nana:
Ku biyun nan in aka bar ku sai asuba. Auta, kar ka tsaya jiran su shirya. Nemi At Fillmore East da Dark Side ka ji su a jere, ka zo ka ba mu labari.

Auta:
Anti na fara tun ɗazu da kuna ta fama. Na Fillmore ɗin ina minti na tara a waƙa ɗaya, har yanzu mai jitar bai gama gaisawa ba. Haka abin yake ko wayata ce ta maƙale?

Malam Ɗan Damagaram:
Haka yake. Jita biyu ne ma, Duane Allman da Dickey Betts, ganga ma mutum biyu ne. Sa abin kunne duka biyun, kar ka ji da lasifikar waya, ɗaya yana hagu ɗaya yana dama.

Abba Mai Situdiyo:
Kuma wa ya raba su hagu da dama? Tom Dowd, injiniya. Kawu, ina jiran amsa.

Kawu Garmaho:
An kira isha'i a nan. In na dawo zan ba ka labarin inda aka ajiye gangar John Bonham na Led Zeppelin a gidan Headley Grange, ka faɗa min ko ƙasan matakalar bene situdiyo ce.